A Ba Talakan Birni Kujera A Wurin Rabon Kasafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman alfarmar fili a shafin wasiƙun masu karatu na wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina a kan tazarar samun kuɗi da ke ƙara faɗi tsakanin mazauna manyan birane, da kuma hanyar da nake ganin ta fi kusa da rage ta. Duk lokacin da wannan magana ta taso, abin da muka saba ji daga bakin mahukunta da masu sharhi shi ne rabon tallafi, da koyar da matasa sana'o'in hannu, da kira ga masu hannu da shuni su riƙa tausaya wa na ƙasa da su. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin wanda ya kwana da yunwa ya san darajar taimakon da ya zo masa a kan kari. Sai dai abin da na gamsu da shi shi ne, babban kaso na wannan tazara yana fitowa ne daga shawarwarin da hukumomin birni ke yankewa kowace shekara a kan inda za a kai ruwa, da inda za a shimfiɗa titi, da wanda za a bari ya kasa kayansa, da wanda za a tasa. Muddin talaka ba ya zaune a wurin da ake yanke waɗannan shawarwari, da ikon da zai sa a ji maganarsa, to duk tallafin da aka miƙa masa tsadar zaman birnin za ta lamushe shi kafin wata ya ƙare.

Lamarin ya shafi jama'a masu ɗimbin yawa. Fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune yau, kuma hasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa nan da 2050 za su kai kashi 68 cikin 100. Sama da mutum biliyan 1 daga cikinsu suna cikin unguwannin marasa galihu, inda babu tsayayyen ruwan famfo, babu magudanar ƙazanta, babu takardar mallakar fili. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2018 ɗin cewa ma'aikata biliyan 2, wato sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abinci ne a sana'o'in da ba su da rajista, ba su da kwantiragi, ba su da fansho.

Idan ana zancen kuɗin shiga, an fi duba abin da ya shiga aljihun mutum, alhali abin da ke raba mai wadata da mara wadata a birni shi ne abin da ya rage masa bayan ya biya kuɗin zaman birnin. Rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 ya bayyana cewa mazauna unguwannin talakawa a Jakarta da Manila da Nairobi suna sayen ruwa da tsadar da ta ninka sau 5 zuwa 10 a kan abin da masu kuɗin waɗannan biranen ke biya, saboda bututu ya tsaya a unguwar masu kuɗi, su kuma sai dai su saya jarka-jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Haka abin yake a sufuri. Matar da ke sharar ofis a tsakiyar gari, wadda tsadar haya ta kora zuwa bayan gari, tana fita tun duku-duku, ta hau mota biyu ko uku, ta dawo bayan duhu ya yi, kuma kuɗin motar da lokacin da ta ɓata duk daga albashinta suke fita, ko da yake babu wanda ya rubuta su a takardar biyanta. Ɗan tireda da aka rushe masa rumfa cikin dare ya yi asarar jarin da ya shekara yana tarawa, sai ya koma cin bashi da ruwa mai nauyi domin ya sake tsayawa da ƙafarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Kowane ɗaya akwai ranar da wasu mutane suka zauna a wani ɗaki suka amince da shi, suka sa hannu.

Ba na cewa duk masu zama a wannan ɗaki mugaye ne. Da yawansu ma'aikata ne masu son aikinsu, amma injiniya yana zana abin da ya sani ne, kansila kuma yana amsa kiran wanda ke da lambar wayarsa. Mai gidan sama a unguwar manya, idan ruwa ya ɗauke masa kwana biyu, ya san ofishin da zai buga wa waya da sunan wanda zai nema, kuma kafin yamma an turo masu gyara. Mazaunin lungun da bai taɓa ganin famfo ba kuwa, sau tari unguwarsa ma ba ta cikin taswirar da hukumar ke aiki da ita. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kuskuren manyan birane shi ne suna tsara gyaran ɗakin ba tare da an tambayi mai kwana a cikinsa ba.

Za a ce ai ana tambaya, tunda ana kiran tarukan jin ra'ayin jama'a. Duk wanda ya taɓa halartar irin waɗannan taruka ya san yadda akasarinsu ke gudana. Ana sa taron da ƙarfe goma na safe a ranar aiki, a babban zauren otal ko na sakatariya, lokacin da lebura da ɗan dako da mai talla suke tsakiyar neman abin da za su kai gida. Manyan baƙi su makara, a yi jawabai har rana ta take, a nuna shirin da aka riga aka gama a kan allo da harshen da rabin zauren ba ya ji, sannan a ce saura minti goma na tambayoyi, a miƙa abin magana ga mutum uku da aka riga aka zaɓa. A ƙarshe a zagaya da takardar sa hannu, wadda ita ce ainihin abin da aka zo nema, domin a liƙa ta a rahoto a matsayin shaidar an tuntuɓi jama'a. Wannan taron jeka-na-yi-ka ne, kuma illarsa ta fi ta rashin taron, domin yana koya wa mutane cewa zuwa taro ɓata lokaci ne, ta yadda ranar da aka kira na gaskiya ba za su fito ba.

Abin da nake nufi da shigar jama'a cikin harkar mulkin birni shi ne irin wanda birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil ya fara a 1989, zamanin magajin gari Olívio Dutra na Jam'iyyar Ma'aikata. Birni ne mai mutum sama da miliyan 1, wanda kaso mai yawa na jama'arsa ke zaune a unguwannin gefen gari marasa kwalta da magudana. Gwamnatin birnin ta raba shi shiyya 16, kuma kowace shekara mazauna kowace shiyya suna haɗuwa a buɗaɗɗen taro, inda abu na farko shi ne jami'an gwamnati su tsaya a gaban jama'a su ba da bayanin ayyukan da aka yi alkawari bara, wanne aka gama, wanne ya tsaya, kuma me ya tsayar da shi. Daga nan mutane su jera bukatunsu bisa fifiko, ko kwalta, ko magudana, ko asibiti, ko gidaje, su zaɓi wakilai daga cikinsu, wakilan kuma su zauna da ma'aikatan kuɗi da injiniyoyi na tsawon watanni har a fitar da jadawalin ayyukan shekara mai zuwa, a buga shi, kowa ya riƙe nasa.

Inda hikimar tsarin take, a ganina, shi ne ƙa'idar rabon. Ba a bar shi ga wanda ya fi iya magana ko ya fi tara jama'a ba. An sa maki a kan abubuwa sanannu: yawan mutanen shiyya, da girman rashin da take fama da shi a wannan fanni, da kuma matsayin da mazaunanta suka ba wa bukatar. Saboda haka shiyyar da ba ta da magudana ko kaɗan tana samun kaso mafi tsoka na kuɗin magudana, kuma kowa yana iya lissafawa ya ga dalili. Wannan ne ya juya akalar kuɗin gwamnati zuwa unguwannin da aka daɗe da mantawa da su. Wani rahoton Bankin Duniya ya nuna cewa gidajen da ke haɗe da ruwa da magudana a birnin sun tashi daga kashi 75 cikin 100 a 1988 zuwa kashi 98 a 1997. Masu halartar tarukan, waɗanda ba su kai 1,000 ba a 1990, sun koma dubbai masu yawa kafin ƙarshen shekarun 1990, kuma dalilin ƙaruwar a fili yake: maƙwabta sun ga kwalta ta shiga layin waɗanda suka je taro. Daga baya ɗaruruwan biranen Brazil suka ɗauki tsarin, kuma binciken da masaniyar tattalin arziki Sónia Gonçalves ta wallafa a 2014 ya gano cewa biranen da suka bi shi sun ƙara kason da suke kashewa a kan tsaftar muhalli da lafiya, mutuwar jarirai kuma ta ragu a cikinsu.

Wajibi ne a faɗi sauran labarin. Bayan jam'iyyar da ta kawo tsarin ta faɗi zaɓe a 2004, ya fara rauni, ayyukan da jama'a suka zaɓa suka riƙa taruwa ba a aiwatar ba, har a 2017 gwamnatin birnin ta dakatar da tarukan. Abin da ya dogara da ra'ayin mai mulki ɗaya yana iya tafiya tare da shi, don haka duk birnin da zai ɗauki wannan hanya ya kamata ya kafa ta a cikin doka, da kason kuɗi da aka fayyace. Girman kason ma abin dubawa ne. Lokacin da birnin New York ya fara nasa a 2011, 'yan majalisar birni huɗu ne suka ware kimanin dala miliyan 1 kowannensu, a birnin da kasafinsa ya haura dala biliyan 60. An gyara filayen wasa da ajujuwa, abu ne mai kyau, amma irin wannan kuɗi ba zai taɓa tazarar da ke tsakanin attajiri da talaka ba. Paris ta fi nuna da gaske take a 2014, da magajiyar gari Anne Hidalgo ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyukan birnin, sannan daga baya aka keɓe wani ɓangare musamman domin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi.

Rabon kasafi yana rage abin da ke fita daga aljihun talaka, amma ba ya ƙara abin da ke shiga. Wannan ɓangaren na biyu shi ma jama'ar birni sun taɓa motsa shi da kansu. A Baltimore ta Amurka, limaman coci da ke ciyar da mabukata sun lura cewa da yawa daga masu zuwa karɓar abinci mutane ne masu aikin yi, wasunsu ma suna aiki ne a ƙarƙashin kamfanonin da gwamnatin birnin ta ba kwangilar shara da gadi. Ƙungiyarsu ta haɗa kai da ƙungiyar ƙwadago, suka matsa har majalisar birnin ta yi doka a 1994 cewa duk kamfanin da ke son kwangilar hidima daga birnin sai ya biya ma'aikatansa albashin da ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Hujjarsu mai sauƙi ce kuma mai ƙarfi: bai kamata harajin jama'a ya zama shi ke biyan albashin da ba ya fitar da iyali daga talauci ba. Birane da dama na Amurka sun bi sahu.

Abin da ya faru a Landan ya fi burge ni, saboda an fara shi ne ba tare da wata doka ba. A 2001, haɗakar coci-coci da masallatai da makarantu da rassan ƙungiyoyin ƙwadago na gabashin birnin suka zauna suna sauraron membobinsu, sai suka tarar kukan iyaye ɗaya ne: suna aiki biyu ko uku a rana, ba sa ganin 'ya'yansu ido biyu, kuma duk da haka kuɗin ba ya kaiwa ƙarshen wata. Da yawansu masu shara ne a asibitoci da manyan bankunan unguwar Canary Wharf. Maimakon su tsaya a koke, sai suka sayi 'yan hannayen jari a bankin HSBC domin su sami damar shiga babban taronsa na shekara, kuma a taron 2003 wani mai sharar dare a hedikwatar bankin ya miƙe a gaban masu hannun jari ya yi wa shugaban bankin magana kai tsaye a kan albashinsa da halin da iyalinsa ke ciki. Ba a daɗe ba aka inganta sharuɗɗan aikin masu sharar. A 2005 magajin garin Landan, Ken Livingstone, ya kafa sashen da ke lissafa albashin da zai iya riƙe mutum a birnin, aka sanar da fam 6.70 a awa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake wajen fam 5. Yau dubban kamfanoni da hukumomi a Birtaniya suna biyan wannan albashi bisa raɗin kansu. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, mai sharar bai shiga zauren shi kaɗai ba. Akwai dubban mutane masu tsari a bayansa, sun san abin da suke nema da adadinsa, sun kuma san wanda ke da ikon cewa na amince.

Mai karatu zai iya cewa wannan na masu albashi ne, ina labarin mai talla da ɗan bola jari da ba su da ubangidan da za su tunkara? Ubangidansu a zahiri hukumar birni ce, domin ita ke riƙe da titi da kasuwa da juji. A birnin Pune na Indiya, masu tsintar bola, mafi yawansu mata, sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 1993, suka nemi hukuma ta amince da katin shaidarsu, suka nuna mata da lissafi yawan sharar da suke rage mata da kuɗin da suke ceto mata. A 2008 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar haɗin gwiwarsu mai suna SWaCH, aka ba su aikin kwashe shara gida-gida, suna karɓar ladan wata daga masu gidaje, suna kuma sayar da abin da suka ware. Matar da a da ake kora daga bakin juji ta koma mai kuɗin shiga tsayayye. Haka nan dokar masu sana'a a gefen titi da Indiya ta yi a 2014 ta tanadi kwamiti a kowane gari wanda aƙalla kashi 40 cikin 100 na membobinsa masu sana'ar ne da kansu, ta kuma hana a tashi kowa kafin a ƙidaya su. Aiwatar da dokar yana tafiyar hawainiya a garuruwa da yawa, amma ta ba mai talla abin da zai riƙe ya shiga kotu.

Akwai wani makami da ba a cika ambata ba, wato ƙidaya da taswira. Hukuma tana iya watsi da koke, amma da wuya ta yi watsi da jama'ar da suka zo da sunan kowane layi, da yawan gidajensa, da yawan masai, da abin da ake biya na ruwa da wuta. A unguwar marasa galihu ta Orangi da ke Karachi a Pakistan, shirin da Akhtar Hameed Khan ya kafa a 1980 ya koya wa mazauna kowane layi su zaɓi shugaba, su tara kuɗi, su haƙa magudanar layinsu da taimakon masu aunawa, yayin da ake neman gwamnati ta ɗauki nauyin manyan bututu. Mafi yawan layukan unguwar sun sami magudana ta wannan hanya. Ina ambaton Orangi da taka-tsantsan, domin akwai masu mulkin da ke son wannan labari saboda dalilin da bai dace ba, wato su ce talaka ya yi wa kansa, alhali mai kuɗi an yi masa da kuɗin gwamnati. Amfanin Orangi na haƙiƙa shi ne taswirorin da mazauna suka zana sun tilasta wa hukuma ta san da zamansu. Kuma aiki ne mai haɗari: Perween Rahman, wadda ta jagoranci shirin tana tattara bayanan filayen talakawa da ake wawashewa, an harbe ta har lahira a watan Maris na 2013. A Nairobi ma, ƙidayar da mazauna unguwar Mukuru suka yi tare da Muungano wa Wanavijiji, ƙungiyar mazauna unguwannin marasa galihu ta Kenya, da masu bincike na jami'a ta sa gwamnatin birnin ta ayyana unguwar a matsayin yankin tsari na musamman a 2017, aka zauna da mazauna ana tsara hanyoyi da magudanu, ko da yake rusau na ƙarshen 2021 a wani ɓangaren unguwar ya nuna cewa amincewar hukuma tana iya warwarewa cikin dare ɗaya.

Bayan an zaɓi aiki an ware kuɗi, saura bin diddigi, domin a nan ne kashe-mu-raba tsakanin ɗan kwangila da jami'i ke cinye rabon talaka. A 2013 mazauna unguwar Khayelitsha a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun samo takardun kwangilar masai na tafi-da-gidanka da hukuma ta ba wani kamfani, suka bi lungu-lungu suna ƙirgawa suna dubawa, suka tarar da yawa sun lalace kuma ba a kula da su yadda kwangilar ta tanada, sannan suka kira taron jama'a suka karanta sakamakon a bainar kowa. Wannan aiki ba ya bukatar digiri. Yana bukatar takardar kwangila ta fito fili, da mutanen da suka iya ƙirga.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Masu cewa talaka bai san kasafi ba, amsarsu tana Porto Alegre, inda masu aikin gida da leburori suka koyi karanta jadawalin kuɗi da zarar sun ga cewa karatun yana da sakamako. Hujjar da ta fi damuna ita ce ta mamaya. A kowace unguwa akwai masu baki, da 'yan siyasar layi, da masu gidajen haya, waɗanda ke iya cika taro da 'yan amshin shatansu su karkatar da aikin zuwa ƙofar gidajensu, yayin da ɗan haya, da baƙon da ya zo ci-rani, da matar da ba ta saba magana a gaban maza ba, da mai lalurar da ba zai iya hawa matakala ba, suke komawa gida ba a ji su ba. Maganin wannan yana cikin yadda aka tsara taron: a sa shi da yamma ko ranar hutu, a cikin unguwa, da harshen da mutane ke ji, a yi zaɓe a asirce, a ware kujeru ga mata da 'yan haya da masu sana'ar titi, a taƙaita wa'adin wakilai domin kada wakilci ya zama sana'a, a kuma biya kuɗin mota da ladan yini ga wakilin da ya bar aikinsa, tunda mai hannu baka hannu ƙwarya ba zai iya sadaukar da yini kyauta ba, kuma idan ba a biya shi ba masu hali ne kawai za su iya zama wakilai.

Gaskiya ne kuma cewa birni ba shi da iko a kan komai. Darajar kuɗin ƙasa, da harajin manyan kamfanoni, da hauhawar farashi, duk suna hannun gwamnatin tsakiya. Amma filaye, da izinin gini, da harajin kadarori, da hanyoyin motocin haya, da kasuwanni, da kwangilolin shara da gadi, galibi suna hannun hukumomin da ke kusa, kuma waɗannan sun isa su sauya rayuwar iyali. Harajin kadarori musamman ya cancanci a yi maganarsa a fili, domin idan gwamnati ta shimfiɗa titi da kuɗin kowa, darajar filayen da ke gefensa tana ninkuwa, ribar kuma ta tafi ga masu filin kaɗai, sai fa idan an karɓi wani kaso an mayar da shi unguwannin da ba su da titi. Masu hali za su fi yarda su biya idan suna ganin inda kuɗin ke tafiya layi-layi, kuma su ma suna da riba a ciki, tunda kwalara da ambaliya da rashin tsaro ba sa tsayawa a bakin katangar kowa.

Saboda haka ina kira ga masu riƙe da manyan birane su kafa doka da za ta ware sanannen kaso na kuɗin manyan ayyuka domin jama'a su yanke hukunci a kansa shiyya-shiyya, bisa ƙa'idar da ke fifita inda rashi ya fi tsanani, su sa sharaɗin albashi mai riƙe iyali a cikin duk kwangilar da suke bayarwa, su kuma daina tashin masu sana'ar titi kafin a ƙidaya su a zauna da wakilansu. Ƙungiyoyin unguwa da na sana'a da wuraren ibada su ma kada su jira gayyata. Su fara da ƙirga gidajensu da famfunansu da abin da membobinsu ke kashewa a ruwa da mota, su je da buƙata ɗaya mai adadi wurin wanda ke da ikon biyan ta.

Ku ma, Malam Edita, akwai naku kason. Jaridu sun saba buga jimillar kasafi ranar da aka gabatar da shi, da hoton masu miƙawa da masu karɓa, daga nan sai shiru har baɗi. Ina roƙon wannan jarida ta ware shafi ɗaya a kowane wata uku inda za ta jera ayyukan da aka yi wa kasafi unguwa-unguwa, da kuɗin kowanne, da sunan kamfanin da aka ba, da ranar da ya kamata a gama, sannan ta tura wakilinta ya je ya gani da idonsa ya tambayi mazauna wurin. Ta kuma riƙa sanar da ranaku da wuraren tarukan jin ra'ayi tun da sauran lokaci, ta buga abin da jama'a suka nema da abin da hukuma ta amsa, domin wanda bai sami zuwa ba ya san abin da aka faɗa da sunansa.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum